Ƙullin Kaba a Gindin Rimi

Ruwan farko na shekarar 1974 ya sauka a birnin Zariya ranar wata Talata da la'asar. Mutanen da fari ya gasa shekara biyu suka tsaya a ƙofar gida suna hamdala. Washegari da hantsi, Lami mai magani ta shiga kurmin da ke cikin ganuwa, dab da Ƙofar Gayan, don ta haƙi saiwa tun ƙasa na da taushi. Ba ta jima ba ta fito da gudu, gyale a hannu.

"Jama'a ku zo ku gani! Ba fari ba ne! Kashe su aka yi!"

Manyan itatuwa shida na kurmin sun bushe a tsaye tun tsakiyar rani. Kowa ya ɗora wa fari laifi, aka ce gara ta ƙarasa aikin, domin jar ƙasa ta lulluɓe gindin kowanne kamar yadda gara ke yi. To, ruwa ya wanke ƙasar, kuma babu gara ko ɗaya a ƙarƙashinta. Wani ne ya sassaƙe ɓawon kowace bishiya, faɗin tafin hannu, ya zagaye ta kaf, sa'an nan ya yaɓe raunin da laka don kada a gani. Itacen da aka yi wa haka ba ya faɗuwa. Ganye zai zube, rassa su bushe, cikin 'yan watanni ya mutu a tsaye. Na bakwai shi ne babban rimin da shamuwa ke sheƙa a kansa duk shekara. Shi rabinsa aka ci, saran kuma bai yi mako biyu ba.

Kurmin ba gadon kowa ba ne. Shekara takwas kafin wannan, dattawan unguwa suka yi yarjejeniya a kansa: ba sara, ba harbi, ba cinna wuta, ba ɗibar ƙasar gini a kududdufin da ke tsakiyarsa. Daga nan abubuwan da aka daɗe ba a gani ba cikin birni suka fara dawowa. Guza ya dawo, kurege da bushiya suka dawo, hasbiya ta cika kan ɓaure, zuma ya kama kogon tsamiya. Da fari ya ƙafar da kududdufan birni, na kurmin bai ƙafe ba, saboda inuwa ta rufe shi.

Mutum biyu suka tsaya tsayin daka har aka yi wannan yarjejeniya, kuma dukkansu tsofaffin maharba ne. Ɗaya Jalo, wanda babu mai bin sawu kamarsa a wannan yanki. Bindigar toka ta taɓa fashe masa, ta tafi da yatsu uku na hannun damansa. Ɗayan Haruna, amininsa, wanda yake kiran Jalo Yaya, domin sun tashi tare a hannun maigida ɗaya, wani tsohon maharbi a bayan dutsen Kufena. Maigidan nan ya koya musu wata al'ada. Kafin ka ɗauki ran abin da ya girme ka, sai ka ƙulle gawayi cikin ganyen kaba ka binne, a kan sawunta in dabba ce, ta yamma da gindinsa in itace ne. Neman gafara ke nan. Camfi ne, addini bai zo da shi ba, amma sun riƙe shi. Ranar da suka rataye bindiga suka bar farauta, sun binne irin ƙullin nan guda biyu a gindin rimin, a gaban Mai Unguwa Adamu, don neman gafarar duk abin da suka kashe. Haruna ya ƙulla nasa, ya ƙulla wa Jalo. Da aka zo zaɓen mai gadin kurmi, Jalo ya miƙe ya ce, "Ku ba Haruna. In ya ci amana, ni na ci."

Kafin azahar rabin unguwa ta taru a gindin itatuwan. Jama'a kuwa in sun taru a kan laifi, ba sa rasa wanda za su nuna da yatsa.

"Bahago ne," in ji wani. "Wa ke neman itace in ba masassaƙi ba?"

"Ita Lamin da ta yi ihun fa? Ba ita ke ɓare ɓawon itatuwa ba?"

"Ku ƙyale su. Malamin dajin nan ne na Wusasa. Tun da ya shafa musu farin fenti suka fara mutuwa."

Mai Unguwa Adamu ya ja Jalo gefe.

"Akwai abin da ban gaya wa jama'a ba, don kada hankali ya tashi," ya ce. "Tun kaka takarda ta zo daga hukuma. Birni ya cika, ana neman filin gini. Sun ce in kurmin nan ya mutu, safiyo zai zo ya auna a raba fuloti. Na roƙa aka ɗaga mini zuwa faɗuwar ruwa. Alhamis ta mako mai zuwa zan koma gabansu. In na je hannu rabbana, za su ce unguwa ta kasa riƙe wurin. In na je da wanda ya yi, ina da bakin cewa wurin ba mutuwa yake yi ba, kashe shi ake yi, kuma mun tare. Kwana takwas gare ka, ka nemo mini shi."

"Ranka ya daɗe, ruwan da ya tona asirin shi ya share sawun," in ji Jalo. "Abin da ruwa ya bari kuma, ga mutanenka sun tattake. Amma zan duba."

Haruna na tsugune a gindin rimin, ya dafe kai.

"Laifina ne, Yaya. Kullum ina wucewa ina ganin ƙasar nan, na ɗauka gara ce."

"Ni ma na gani, ni ma gara na ce," in ji Jalo. Ya dafa kafaɗarsa. "Tashi. Tare za mu bi shi, kamar da."

*

Da Lami suka fara, ranar Alhamis. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma bakinta bai taɓa jin tsoron namiji ba.

"Ni da na yi kururuwa, ni ce ɓarauniyar? To, da sai in yi shiru in koma gida in sha kununa. Malam Jalo, zo ka ga aikina."

Ta kai su gindin wani maɗaci. Tabo biyu ne a jikinsa, kowanne bai kai tafin hannu ba, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, har sun fara warkewa.

"Haka uwata ta koya mini. Gabas kaɗan, yamma kaɗan, ka bar wa itace hanyar shan ruwa. Mai magani ba ya zagaye bishiya. In ta mutu, baɗi a jikin wa zan sassaƙa? A jikinka?"

"Mata dai ba sa rasa magana," in ji Haruna.

Ta juyo kansa. "Kai kuma mai gadi, wata shida ana yanka a gabanka. Gadin me kake yi? Gadin barci?"

"Ya isa, Lami," in ji Jalo. "Wannan da kike gani, shi ya ɗebi ruwa da tulu ya raya itatuwan da aka dasa lokacin fari. Ki iya bakinki."

"Na iya shi," ta ce. "Kai ka iya idonka."

*

A hanyar komawa Haruna ya ce ya tuna wani abu. Sau biyu cikin rani ya ga jakin Bahago a ɗaure a bakin kurmi. Ranar Asabar suka same shi a rumfarsa, a hanyar Tukur-Tukur, yana fafe turmi.

"Maharban da suka tuba!" in ji Bahago. "Yau ni ne naman?"

Jalo bai yi dariya ba. Ya tura masa wani gungume da ƙafa. "Sara mini nan."

Bahago ya ɗauki gatari da hannun hagu, ya sara sau uku. Jalo ya durƙusa, ya bi bakin saran da babban yatsansa. Daga hagu ya gangaro. Na jikin itatuwan kurmi daga dama ya gangaro, duka bakwai ɗin.

"Me jakinka ke yi a bakin kurmi?"

"Abin da jakin kowa ke yi. Ruwa yake sha, ko shi ma yarjejeniya ta hana? Malam Jalo, jero mini itatuwan da suka mutu."

"Ɓaure biyu, ceɗiya biyu, gamji ɗaya, ƙaramin rimi ɗaya."

Bahago ya kwashe da dariya har ya ajiye gatarin.

"Turmin ɓaure! Daka ɗaya ya tsage, matar ta biyo ni da taɓarya. Ga maɗaci, ga ƙirya a tsaye a wurin, ko ƙwarzane babu. Wane masassaƙi ne zai bar ƙirya ya kashe ceɗiya? Wanda ya yi aikin nan ba itace yake so ba. Inuwar yake so ta tashi."

Jalo ya sake lissafa itatuwan a ransa. Gaskiya ne. Waɗanda aka kashe su ne masu faɗin kai, waɗanda suka rufe kududdufin, kuma duk ta gefen hanya suke, inda mai wucewa zai gani ya ce kurmi ya mutu.

*

Ranar Litinin Jalo ya sami Malam Yona a gindin rimin. Malamin daji ne, ɗan Wusasa, mutum mai natsuwa, wanda yake tuƙo keke duk mako ya kawo 'yan itatuwan dashe. Ya tuɓe rigar kaki, yana shafa kashin shanu a raunin rimin yana ɗaurewa da tsumman buhu. Haruna ya tafi can bakin kududdufi korar awaki.

"Sannu da aiki, Malam Yona."

"Yawwa, Baba. In rabin ɓawon nan ya tsira, rimin zai rayu. Na san abin da ake faɗa a kaina. Jiya an yanka mini tayar keke, daga nan har gida a ƙafa na tura shi."

"Fentin fa?"

"Lamba ce kawai. Itace ɗari da goma sha huɗu na sa wa, shida suka mutu. In fenti ke kisa, me ya hana sauran?" Ya goge hannu, ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu. "Duba nan, Baba. Sha biyu ga Nuwamba na rubuta: gara a gindin lamba tara da lamba goma. Na zo da wuƙa zan kankare in zuba magani, Malam Haruna ya hana ni. Ya ce yarjejeniya ta ce ba kisa a kurmi, gara ma rai ce, kuma ita ce abincin bushiya. Na ga yana da hujja, na bari. Da na kankare a ranar, da mun ceci huɗu."

Jalo ya yi murmushi. "Haruna ke nan. Ya fi ni riƙon doka." Sai ya tambaya, "Takardar hukuma fa, ka san da ita?"

"Ni na karanta wa Mai Unguwa, da Turanci take. Ni kuma na rubuta rahoto na ce kada a raba wurin, kwafin yana ofis."

"Su wa ke zauren da ka karanta?"

"Mu uku. Ni, da shi, da mai gadi."

Wani abu ya taɓa zuciyar Jalo, ya ture shi. Haka ɗan Adam yake. Mutumin da ke iya gane inda ƙadangare ya ja wutsiya a kan dutse, sai ya makance idan sawun ya nufi inda ba ya so.

Da Yona ya tafi, Haruna ya dawo.

"Yaya, saura kwana uku. Mutumin nan ba ɗan unguwa ba ne. Su irin nasu kurmin, dogon yaro ne a jere kamar sojoji. Ya kashe tsofaffin don ya dasa nasa. Kuma ya san da takardar. Ka miƙa shi mu huta."

"Wa ya gaya maka na tambaye shi maganar takarda?"

"Ai murya na tafiya a kan ruwa."

"Ba na miƙa mutum sai na ga sawunsa," in ji Jalo.

*

Ranar Talata da yamma aka sake yin ruwa, mai ƙarfi. Laraba da sassafe Jalo ya shiga kurmin shi kaɗai, kafin ƙafar kowa ta taka. Ba sawun ƙafa ya zo nema ba, ya san wannan ya tafi. Ya zo ne don abin da maharba suka sani: ƙasar da aka taɓa haƙawa, komai iya dannawar da aka yi mata, in ta sha ruwa sau biyu sai ta zauna.

Ya zagaya gamjin a hankali. Ta yamma da gindinsa, taku ɗaya, akwai ɗan loɓawa kamar bakin ludayi, ruwa ya kwanta a ciki. Ya wuce ceɗiya. Ta yamma, taku ɗaya, ga wani. Ɓaure, ga wani. Duka shidan.

Ya durƙusa ya sa wuƙa, yana yaye ƙasar da hannun hagu. Bai kai zurfin yatsa biyu ba wuƙar ta taɓa abu. Ya ciro. Ganyen kaba ne, an naɗe gawayi a ciki, an yi masa ƙulli uku masu hawa kan juna, an soke wutsiyar ta ƙasa.

Bai yi mamaki sosai ba. Ya bi sauran biyar ya tono, ya zo gindin babban rimin. Nan ya sami sabon ƙulli, kabarsa ko baƙi ba ta yi ba. A gefensa kuma, can ƙasa kaɗan, ga gawayi guda biyu tsirara. Nasu ne na shekara takwas, ƙasa ta cinye kabar. Ya ɗauke su ya sa a aljihu daban.

Ya zauna a wurin har rana ta take. Shamuwa biyu sun iso, suna shawagi a sama, sun kasa sauka. Mutumin da ya yi aikin nan ya ɓoye sawunsa, ya ɓoye saransa, ya kwaikwayi gara har ya ruɗi malamin daji. Abu ɗaya ya kasa bari. Ya ji tsoron itace, bai ji tsoron Allah ba.

Haruna ya shigo wajen azahar, ya same shi zaune.

"Yaya, lafiya? Kamar ka ga gawa."

"Zan sa Mai Unguwa ya tara mutane bayan la'asar," in ji Jalo. Ya ɗaga kai ya dube shi. "Haruna, shekara arba'in muna tare. Akwai abin da kake so ka gaya mini kafin la'asar?"

Haruna ya kalli rimin, ya kalli ƙasa.

"Babu, Yaya. Sai dai ka tuna da maganar malamin dajin nan."

*

Zauren Mai Unguwa ya cika har ƙofa. Lami na zaune ta gefen ƙofar ciki, Bahago ya jingina da bango, Malam Yona ya riƙe hularsa a hannu. Haruna na kusa da Jalo, inda ya saba zama.

"Ranka ya daɗe," in ji Jalo, "zan fara da waɗanda aka zalunta da baki. Lami ba ta zagaye itace, na ga aikinta. Bahago da hagu yake sara, wannan saran na dama ne. Malam Yona shi ya rubuta kada a raba wurin, kuma shi ke jinyar rimin. Wanda ya yanka masa taya, ya je ya ba shi haƙuri."

"To wane ne?" in ji wani daga ƙofa.

Jalo ya zazzage aljihunsa a kan tabarma. Ƙulli bakwai suka zubo, da laka a jikinsu. Ya faɗi inda ya tono su, ya faɗi ma'anarsu.

"Mutum uku suka san wannan ƙulli a duniya. Maigidanmu ya rasu shekara ashirin ke nan. Saura biyu, kuma duk suna cikin zauren nan. Ni ne ɗaya." Bai juya ya kalli kowa ba. "Na taɓa cewa a gabanka, in mai gadi ya ci amana, ni na ci. Ban janye ba. Gobe dole ka tafi da mutum, in ba haka ba kurmi ya tafi. In ɗayan bai yi magana ba, ga ni."

Jalo ya sunkuyar da kai yana jira. Ƙofa ce ya buɗe wa amininsa. Da Haruna ya ce ni ne, da Jalo ya tsaya masa gaban alƙali, ya roƙa masa sassauci, ya ci gaba da kiransa ɗan'uwa.

Haruna ya ja jiki ya matsa daga kusa da shi.

"Inna lillahi," ya ce. "Yaya, me ya kai ka? Ashe shi ya sa kwana takwas ka kasa ganin sawu."

Hayaniya ta tashi. Jalo ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Sa'an nan ya sa hannu a ɗayan aljihun, ya fito da sabon ganyen kaba da ɗan gawayi. Ya ɗora gawayin a kan kabar, ya naɗe, ya nemi yin ƙullin farko. Ƙullin nan sai an danne da yatsu uku na dama yayin da hagu ke ja. Gawayin ya zame ya faɗi. Ya ɗauka ya sake, ya faɗi. Ya sa haƙori ya taimaka, kabar ta yage.

"Tsaya," in ji Mai Unguwa Adamu. Muryarsa ta sauya. "Ranar da kuka rataye bindiga ina tsaye a gindin rimin nan. Na tuna. Kai ba ka ƙulla ba. Haruna, wa ya ƙulla masa nasa?"

Haruna ya kau da kai.

"Ina tambayarka."

"Ni ne!" Haruna ya miƙe tsaye. "Ni ne, kuma ni na yi wannan ma. Shekara takwas ina gadin gidan tsuntsu, ni ba ni da gida! Ɗaki biyu a gidan ƙanena, da iyalina da 'ya'ya maza huɗu, in baƙo ya zo a soro nake kwana. Shamuwa na da rimi, guza na da rami, Haruna fa? Wani ɗan kwangila ya same ni ya ce in wurin ya bushe aka raba, fulotin bakin hanya nawa ne. Kai kana da gidan gado, Yaya. Mai gidan gado, da sauƙi ya so bushiya."

"Ga mai gadin nan naka," in ji Lami a hankali.

Jalo ya ɗago kai.

"Da ka gaya mini, da na ja katanga a tsakiyar gidana na ba ka rabi. Ka san zan yi. Ba ka tambaya ba, domin ba rabi kake so ba." Ya tattara ƙullin bakwai da hannunsa mai yatsa biyu, ya tura su gaban Haruna. "Ka so a tafi da Bahago. Ka so a tafi da Malam Yona. Duk wannan zan iya cewa tsoro ne. Amma ka nemi gafarar itace sau bakwai, Haruna. Ni kana zaune a gefena za a tafi da ni, ko sau ɗaya ba ka nemi tawa ba."

Haruna ya buɗe baki. "Yaya..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

*

Ranar Alhamis Mai Unguwa ya tafi da Haruna, da ƙullin bakwai, da rahoton Malam Yona. Hukuma ta jingine maganar rabon fili. Alƙali ya yi wa Haruna hukuncinsa, da ya fito kuma bai iya zama a unguwar ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Gyallesu. Ɗan kwangilar ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Haka ake yi da wanda ya sayar da amana: mai sayen ma ba ya son a gan su tare.

Rimin ya rayu da rabin ɓawonsa. Gefe ɗaya ya bushe har abada, ɗayan ya yi ganye, a nan shamuwa suka yi sheƙa. Inda manyan itatuwa shida suka tsaya kuwa rana ce ƙwal, kuma a ranin da ya biyo baya kududdufin ya ja baya har ya kusa ƙafewa. Malam Yona ya dasa ɓaure da ceɗiya a gurbinsu, ya ce sai shekara talatin za su yi inuwa. Jalo ya san ba zai gani ba.

Shi ya karɓi gadin. Mai Unguwa ya ce masa wurin ya fi ƙarfin tsoho ɗaya, ya faɗi wanda ya amince da shi a haɗa su.

"Ranka ya daɗe, ka zaɓa da kanka. Ni na tsaya wa mutum sau ɗaya."

Ranar farko da ya fara gadin, ya sa hannu a aljihu ya ji gawayin nan biyu na shekara takwas, ya manta bai mayar ba. Ya tsaya a gindin rimin, ya so ya binne nasa ya jefar da na Haruna. Ya juya su a tafin hannu, ya sake juyawa. Girmansu ɗaya, baƙinsu ɗaya. Hannu ɗaya ne ya zaɓe su, hannu ɗaya ya ƙulla su. Bai san wanne ne nasa ba.

Ya taka zuwa bakin kududdufi, ya jefa su duka biyun.